Wushirya a Gaban Ma'aunin Likita

A Fakuwa, kamar sauran garuruwan ƙasar Kankiya da Kusada, idan mata suka zauna lissafa kyawun amarya, ana gama dogon hanci da dara-daran idanu sai a zo kan wushirya. Ba mai tambayar faɗinta. Da yarinya ta yi murmushi aka hango 'yar tazarar nan tsakanin haƙoran gaba na sama, sai a ce tubarkalla, ta ɗauko ta wajen uwarta. Amma wayar da ke hannun amaryar wani karatu dabam take koya mata. A TikTok da Instagram, asibitocin Istambul da Dubai da Alƙahira suna jera hotuna bibbiyu: a na farko ga mace da wushiryarta, a na biyu an toshe ta, haƙora sun jeru reras, fari fat, babu wanda ya ɗara wani. Shi ya sa yau za ka ji budurwa tana cewa, "Gwaggo, ai yanzu an daina yayin wushirya," gwaggon kuma ta riƙe haɓa ta ce, "Ke 'yar nan, abin da wasu ke nema da kuɗi ne za ki biya kuɗi a raba ki da shi?"

Gardamar ta wuce wushirya. Abin da ake ja a kai shi ne ko kyawun haƙori yana da awo, har likita zai ɗauko ma'auni ya ce wannan ya cika faɗi, wancan ya gaza tsawo, ko kuwa awon wani ne can aka ɗora wa bakin kowa.

Masu awo suna da hujja, kuma ta fi ƙarfin yadda masu raina su ke zato. Cewa suke yi ido ma awo yake yi, lissafin ne kawai ba ya faɗa. Haƙoran gaba biyu na sama, su ne ke jan ragamar murmushi, kowannensu a bakin babba yakan kai faɗin milimita 8 da rabi ko kusa da haka, tsawo kuma milimita 10 zuwa 11. Likitocin wannan fanni sun fi son faɗin ya tsaya tsakanin kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tsawon. In faɗi ya kamo tsawo, haƙori ya zama guntu dunƙulalle. In ya yi ƙasa sosai, ya zama zalalo. Na kusa da su ya kamata ya fi su ƙanƙanta, bakinsa ya ɗan ja sama kaɗan, sannan fiƙa ta rufe kusurwa. Ido yana yafe abubuwa da yawa a baki, amma ba ya yafe haƙorin gaba ɗaya ya fi ɗan'uwansa tsawo ko faɗi, domin su biyun suna manne da juna, kowa yana tona asirin kowa.

Ga inda awon ke nuna amfaninsa ƙarara. A ce yarinya tana da wushirya mai faɗin milimita 3, haƙoranta biyu kowanne faɗin 8 da rabi, tsawo 10 da rabi, ta dage sai an rufe. Wanda bai iya ba zai raba tazarar biyu ya liƙa wa kowane haƙori milimita 1 da rabi. Tazara ta tafi, amma kowane haƙori ya koma faɗin 10 a kan tsawon 10 da rabi, wato kusan murabba'i. Ta shigo da wushirya, ta fita da allo biyu a gaban baki. Wanda ya iya zai auna tukuna. Zai duba ko asalin matsalar ƙanƙantar haƙoran gefe ce, domin sau da yawa su ne ba su cika girma ba, suka bar fili na tsakiya suka baje. In haka ne, sai ya matso da na tsakiya da wayar daidaita haƙora, ya mai da filin gefe, ya ƙara wa waɗanda suka gaza. Wannan ba aikin "a ido na ga" ba ne.

Akwai kuma lissafin da ya shafi tauna, ba ado kaɗai ba. A 1958 wani likita Ba'amurke, Wayne Bolton, ya auna bakin mutum 55 masu kyakkyawan cizo, ya gano cewa in aka haɗa faɗin haƙoran gaba 6 na ƙasa, yakan zo kusan kashi 77 cikin 100 na faɗin 6 na sama. In lissafin ya kauce da yawa, ko dai sama ta bar tazara ko ƙasa ta cunkushe, kome ƙwarewar mai ɗaura waya. Har yau da wannan awo masu daidaita haƙora suke fara aiki.

Sannan masu awo suna tambaya: wa ya ce duk mai zuwa wurinmu yayi ne ya kawo shi? Hanyar Kano zuwa Katsina ta ratsa Kankiya, kuma duk wanda ya zauna bakinta ya san yadda babur ke zubar wa samari haƙoran gaba. Saurayin da ya rasa biyu, da me za a yi masa sababbi in ba da awo ba? Yaron da haƙoransa suka turo gaba har leɓe ba ya rufe su, ba tsokanar 'yan makaranta kaɗai ke damunsa ba. Bincike ya nuna irin waɗannan haƙora sun fi saurin karyewa in an faɗi, kusan ninki biyu. Budurwar da ta saba kai mayafi baki duk lokacin da dariya ta zo mata, ba wanda ke da ikon ce mata damuwarta ba damuwa ba ce. Kuma tsarin zamani, wanda likitan Burazil Christian Coachman ya yi fice da shi, na ɗaukar hoton fuska a zana murmushi a kwamfuta, yana da wata fa'ida babba: ana iya ɗora samfurin wucin gadi a kan haƙora, mutum ya dubi madubi, ya yi magana, ya nuna wa 'yan gida, in bai yi masa ba a ɓare a zubar, ba a taɓa haƙorinsa ba.

Duk wannan na yarda da shi. Inda na fara ja da baya shi ne lokacin da aka ce akwai lamba guda da ta mallaki kyau.

Lambar da aka fi yayatawa ita ce wadda ake kira awon zinare, 1.618. Richard Lombardi ya ambace ta a harkar haƙori a 1973, sannan Eddy Levin, likita a Landan, ya shimfiɗa ta a 1978: in ka dubi mutum gaba da gaba, kowane haƙori ya kamata faɗinsa da ake gani ya zama kusan kashi 62 cikin 100 na wanda ke gabansa. Abin ya yi daɗin ji, ya shiga littattafai, har aka ƙera ma'auni na musamman dominsa. Da Jack Preston ya zo a 1993 ya auna bakin mutane na gaske, sai ya tarar ko kashi 1 cikin 5 ba su dace da awon ba tsakanin haƙorin tsakiya da na gefensa, tsakanin na gefe da fiƙa kuwa bai samu ba sam. A 2001 Daniel Ward ya kawo wani tsari mai sassauci, wanda yakan zauna kusa da kashi 70, kuma yana sauyawa da tsawon haƙoran mai su. Ma'ana, su kansu masu sana'ar ba su daidaita a kan lamba ɗaya ba. Duk da haka masu talla ba su daina rubuta awon zinare a ƙarƙashin hotunansu ba, don sunan yana sayar da kaya.

Sai kuma a tambaya, bakin wa aka auna? Mutum 55 ɗin Bolton a Amurka aka auna su. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna girman haƙori da faɗin muƙamuƙi suna bambanta tsakanin al'umma da al'umma, har tsakanin maza da mata, kuma wushirya ta fi yawa a bakin baƙar fata. Abin da ya yawaita a cikin jama'a, ba ya ciwo, ba ya hana tauna, ba ya hana magana, da wace hujja za a kira shi naƙasa? Ba mu kaɗai muke sonta ba. Yarabawa da Ibo suna ganin kyanta, a Faransa ana ɗaukarta alamar sa'a. A cikin Shama'il na Imamu Tirmizi akwai ruwaya daga Ibn Abbas da ta siffanta Annabi (SAW) da tazara tsakanin haƙoran gaba, ko da yake malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinta. Ko ba komai, ta nuna Larabawan wancan zamani a cikin yabo suke ambaton wannan siffa.

Hatta binciken masu awon yana ba su kunya wani lokaci. Vincent Kokich da abokan aikinsa, a 1999, sun riƙa sauya hotunan murmushi kaɗan-kaɗan suna nuna wa likitoci da sauran mutane. Abubuwa da dama da idon ƙwararre ya kama nan take, mutumin gari bai gan su ba. Layin tsakiyar haƙora yana iya kaucewa daga tsakiyar fuska da 'yan milimitoci ba wanda ya lura. To in angonki da ƙawayenki ba za su taɓa ganin "kuskuren" ba sai an zana masa jan layi a kwamfuta, kuskuren na wa ne? Kwamfutar da ke taimakon mai buƙata ita ce kuma ke iya koya wa lafiyayye ƙin bakinsa cikin minti goma.

Babbar hujjar masu cewa a bar halitta ba ta ido ba ce ma, ta haƙorin kansa ce. Farin sulken da ke lulluɓe da haƙori, wanda likitoci ke kira inamel, shi ne abu mafi tauri a jikin mutum, amma ba ya tofowa. A fuskar haƙorin gaba kaurinsa bai kai rabin milimita ba kusa da dasashi, yakan kusanci milimita 1 wajen baki. Fallen tangaran da ake mannawa, wanda asalinsa Charles Pincus ya ƙirƙiro wa 'yan fim ɗin Holiwud a 1928 don su liƙa na ɗan lokaci a gaban kyamara, a yau yawanci sai an kankare wani abu daga wannan sulke kafin ya zauna. In hular haƙori ce gaba ɗaya, awon da Edelhoff da Sorensen suka yi a 2002 ya nuna ana cinye kusan kashi 63 zuwa 72 cikin 100 na ɓangaren haƙorin da ke waje. A 2022 BBC ta yi shiri a kan 'yan Birtaniya da suka tafi Turkiyya neman murmushi, wasu suna zaton falle za a manna musu, ashe an feƙe lafiyayyun haƙoransu an kifa musu huluna, suka dawo gida da tsami da ciwon jijiya. Garin neman gira an rasa ido.

Ko aikin ya yi kyau, ba na har abada ba ne. Fallen tangaran yakan yi shekara 10 zuwa 15, wani ya wuce haka, sannan a sake. Yarinyar da aka yi wa tana da shekara 22 ta ɗauki alkawarin komawa kujerar likita sau da yawa kafin ta tsufa, kuma ba ta da damar cewa ta fasa, don haƙorin da aka kankare ba ya zama tsirara. Farin ciko mai launin haƙori ya fi sauƙi, sau da yawa ba a kankare komai, amma yana shan launin goro da shayi, yana ɓantarewa. Waya kuma tana cin shekara 1 da rabi zuwa 2, ana komawa a ɗaure kusan kowane wata ko wata biyu, kuma wushirya ta yi suna wajen dawowa, shi ya sa ake barin siririyar waya a bayan haƙora shekara da shekaru. Mutumin Fakuwa ya lissafa wannan da kuɗin mota. Ƙwararrun irin wannan aiki a manyan birane suke, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano inda ɗaliban haƙori na Jami'ar Bayero ke koyon aiki, ko asibitocin kuɗi. Wanda aka yi wa aiki a Istambul kuwa, ranar da falle ya faɗo cikin tuwo, likitansa yana bayan teku.

Sai dai masu kare gargajiya kada su yi saurin tafi, domin hannunmu ma ba a wanke yake ba. Son wushirya ya sa wasu 'yan mata, a kudu da arewa, suna kai bakinsu wurin wanda ba likita ba ya goge gefen haƙora biyu da magagari don a ƙirƙiro ta. Likitocin haƙori a kudancin Najeriya sun bi diddigin wannan, mujallar African Health Sciences ta buga bincikensu a 2015, kuma abin da ke biyo baya sananne ne: tsami in an sha ruwan sanyi, mutuwar jijiya, haƙori ya rine ya yi duhu. Wushiryar ƙirƙira ma tana tona kanta, don haƙoran sun rasa faɗi sun zama sirara, awonsu ya ɓaci. Haƙorin Makka, azurfa ga Alhaji, zinare ga Hajiya, shaida ce da muke girmamawa, amma in an kifa shi ba tare da an auna wuyan haƙori ba, abinci na maƙalewa a ƙarƙashi, dasashi ya kumbura, haƙorin ya ruɓe a ɓoye yana ƙyalli a waje. Yanzu kuma ga yayin wayar ado, wadda ake liƙa wa 'yan mata a shagon kwalliya ba don tana gyara komai ba. Waya kuwa ba ta san wasa ba, in ta ja haƙori zai motsa, ko da inda ba a so.

A nan shari'a ta riga mu yin magana. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da ke cikin Buhari da Muslim ya sa masu goge haƙora don buɗe tazara saboda ado a cikin waɗanda aka la'anta, domin sauya halittar Allah. Imamu Nawawi, a sharhinsa na Muslim, ya bayyana cewa tsofaffin mata ne kan yi haka don a ɗauke su yara, ya kuma ce in don magani ne ko kawar da aibi, babu laifi. Ga kuma labarin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umurce shi ya sa na zinare. Malamai sun gina hukunci a kan waɗannan biyun: mayar da abin da ya lalace daban, ɓata lafiyayye don neman ƙari daban. Abin lura shi ne hadisin a kan masu buɗe wushirya ya zo, wato a kan irin son da mu muke yi. Mai feƙe haƙora takwas don ya rufe ta kuwa, ban ga ta inda zai tsira daga irin wannan tambaya ba, amma wannan fatawa ce, ta malamai ce, a kai musu.

Ni dai inda na tsaya, ban ɗauki rigimar a matsayin ta gargajiya da boko ba. Mai magagari a lungu da mai injin kankara a Istambul laifi ɗaya suke yi in haƙorin da ke gabansu lafiyayye ne. Awo kuwa ina tare da shi, da sharaɗin a ɗauko shi daga bakin mai bakin. Likitan kirki da zai mayar wa saurayi haƙorin da babur ya cire, ɗan'uwan haƙorin da ya rage zai auna, ya nemi tsohon hoton sallah ko na katin zaɓe ya ga yadda bakin yake da. In akwai wushirya a hoton, ya tambaya ko a mayar da ita, don in ya toshe ta ba da izini ba, uwar yaron za ta ce wannan ba dariyar ɗanta ba ce. Dattijon da za a yi wa haƙoran roba, kada a ba shi dogaye farare na ɗan shekara 20, domin da shekaru leɓen sama yana sauka, haƙoran sama suna raguwa a gani, bakinsu yana cinyewa. Daidaito a wurinsa shi ne haƙora su yi shekarun fuskar.

Wadda kuma ta ce ita dai wushiryarta ta dame ta, ba na cikin masu yi mata dariya, bakinta ne. Abin da zan ce mata shi ne ta bi matakai daga mai sauƙi. Ta nemi a ɗora mata samfurin wucin gadi ta gani. Ta tambaya ko za a iya rage tazarar ba sai an toshe ta duka ba, don sau da yawa daga milimita 3 zuwa 1 ya ishi ido, haƙora kuma ba su yi faɗi ba. Ta fifita abin da ake ƙarawa a kan abin da ake kankarewa. Ta tambayi likita ƙarara milimita nawa zai cire daga haƙorinta, kuma in ta fasa bayan shekara 5 ko akwai hanyar komawa. Ta tabbatar yana da rajista da hukumar likitoci da likitocin haƙori ta Najeriya. Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi, ta ɗauki jakarta.

Wani zai ce, a yankin da yawancin mutane ba sa ganin likitan haƙori sai kumatu ya kumbura, a arewar da har yanzu ake kai yara asibitin Noma na Sakkwato saboda ciwon da ke cinye fuska, wannan ai maganar masu ƙoshi ce. Da gaskiyarsa. Sai dai hotunan sun riga sun iso wayoyin Fakuwa, kuma inda ƙwararre ya yi nisa, nan ne mai shagon kwalliya ke zama likita.

Wushirya iri biyu ce kawai ba ta shiga wannan muhawara. Ta farko ta yara ce: tsakanin shekara 7 zuwa 10, bayan famfara, haƙoran gaba sukan fito a baje da tazara, kuma galibi tana rufe kanta idan fiƙoƙin sama suka fito wajen shekara 11 ko 12, don haka ba a gaggawar taɓa ta, sai in ta yi faɗi sosai, a ɗauki hoto a duba ko wani ƙarin haƙori ne ya ɓuya a tsakani. Ta biyu ita ce wadda ta ɓullo wa babba da rana tsaka. Mutumin da ya kai shekara 40 ba shi da wushirya, sai ga haƙoransa suna buɗewa, dasashi na jini in ya yi asuwaki, baki na wari, wannan alamar ciwon dasashi ce da ke cin ƙashin da ke riƙe da haƙora, kuma ya fi tsananta ga mai ciwon suga da mai shan taba. Shi ba awo yake buƙata ba, ya fara da babban asibitin Kankiya, in ya fi ƙarfinsu su tura shi Katsina ko Kano tun haƙoran ba su fara girgiɗi ba.